Iyakar Hukuma: Masihiyawan Katsina da Siyasar Arewa

A zamanin da ganuwar Katsina take tsaye, Ƙofar Marusa, kamar 'yan uwanta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga da sauransu, wuri ne da talaka yake haɗuwa da hukuma ido da ido. Da almuru a rufe, da asuba a buɗe. Manomin da ya koro jakinsa da taikin gero, da falken da ya yi kwanaki a hanya, kowa sai ya tsaya gaban sarkin ƙofa an ga abin da ya ɗauko. A nan mutum yake gane amfanin sarauta, domin ganuwa ce ta hana mahara shiga. A nan kuma yake jin nauyinta, idan mai tsaron ƙofa ya miƙa hannu fiye da abin da aka yanka masa.

Yau ganuwa ta zaizaye, unguwa ta bazu har ta wuce inda ƙofar take. Mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, amma a cikinta da kewayenta akwai Kiristoci: ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu jihohi, da kuma Hausawa 'yan asalin Malumfashi da Kafur da Matazu da Ƙanƙara, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa. Tambayar da take bakin ƙofa tun jiya ita ce har yanzu take gabansu: a ina ikon mai mulki ya kamata ya tsaya?

Idan aka ce Kiristoci masu son gwamnati ta taƙaita hannunta, a bar kasuwa ta yi halinta, hankalin mai sauraron labaran duniya yakan tafi Amurka, inda fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, masu bishara suka mara wa Ronald Reagan baya a 1980. Na Arewa ba daga can suka kwaso ra'ayinsu ba. A jikinsu suka koye shi, a hannun Bature da En'e da soja da farar hula.

Kafin mishan ta samu ƙofa

Tarihi ya riƙe labarin wasu limaman Katolika biyu 'yan ɗarikar Faransiskan da suka taso daga Tarabulus, suka ratsa Agadas, suka rasu a Katsina a 1711 ba tare da sun kafa komai ba. Heinrich Barth ya iso a 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, a matsayin matafiyi mai bincike, kuma sai da ya sha ciniki da fada kafin a sallame shi ya wuce Kano. A wancan lokaci waɗanda ba Musulmi ba a ƙasar Katsina su ne Maguzawa. Suna biyan jizya, ana barin su da gonakinsu da al'adunsu.

Batun iyakar mai mulki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan da ya tarar, har da haraje-harajen da ba su da tushe a shari'a da ɗiban kayan mutane a kasuwa ba biya. Wannan gadon kowane Bahaushe ne, ko wane addini yake bi.

A 1903 Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. A shekarar nan ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma bisa wannan alkawari aka tsare 'yan mishan daga yin wa'azi a cikin masarautu. Tun a 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell. Likita Walter Miller, wanda yake cikin wancan ayari, ya samu zama a birnin Zariya a 1905, daga baya aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa a 1929. Miller ya ƙare rayuwarsa yana sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana cewa Turawa sun ƙara wa fada ƙarfin da ba ta da shi a da, sun bar talaka ba wurin kai kuka. Darasi na farko ke nan da Kiristocin Hausa suka ɗauka: Gwamna Kirista ne, Razdan Kirista ne, amma abin da ke gabansu haraji ne da zaman lafiyar mulkinsu.

Babbar Ruga

Ƙofar da aka rufe wa mai wa'azi sai aka buɗe wa mai magani. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, an miƙa wa mishan ta SIM kula da asibitocin kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a bayan garin Katsina. En'e ce mai wurin, mishan ke aikin, kuma akwai sharuɗɗa a kan koyar da addini, musamman ga yara.

Rayuwar wurin ta layi ce da haƙuri. Masu jinya su jeru da safe a yi musu allurar mai mai zafi, wadda ita ce maganin da ake da shi kafin ƙwayoyin zamani su iso. A wanke miki, a naɗe. Wanda yatsunsa suka rage ya riƙe fartanya ya nufi gonar asibiti. Da yamma wani ya zauna da allo da alli yana koyon baƙaƙen boko, kuma littafin da ke hannun malaminsa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka gama bugawa a 1932. Daga irin waɗannan wurare aka samu malaman asibiti da masu bishara na farko, waɗanda suka shiga ƙauyukan Maguzawa a kan keke. A 1954 majami'un SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Katolika kuma suka kafu a Malumfashi, inda suka horar da katikis masu koyarwa da Hausa.

Koyarwar Turawan SIM game da siyasa a fili take: abin duniya ne, mai bi ya nisance ta. Su karanta wa jama'a sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda take umartar biyayya ga mahukunta da biyan haraji, su ce a yi wa sarki addu'a, a koma gona. Shekara da shekaru kalmar da ake ji a bakin dattawan majami'a ita ce siyasa ƙazanta ce.

Likita Dikko da rabuwar hanya

'Yan Wusasa ba su bi wannan ba. Likita Russell Barau Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma shi aka zaɓa shugabanta a babban taron Kaduna na 1949. Ke nan ƙungiyar da ta zama NPC, jam'iyyar Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Kirista ne ya fara shugabantarta. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, shi da sauran ma'aikatan gwamnati suka janye, domin doka ba ta yarda ma'aikaci ya riƙe jam'iyya ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka ce a zauna cikin Arewa ɗaya a nemi haƙƙi daga ciki, kuma gwamnatin Sardauna ta ba Kiristoci irin su Peter Achimugu da Michael Audu Buba kujerun minista. Wasu suka ce sai an raba gari. A 1949 aka kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba ta Arewa, wadda ta koma Middle Zone League a 1950 a hannun Fasto David Lot, sannan UMBC ta 1955 wadda Joseph Tarka ya zama jagoranta. Bukatarsu ita ce jiha ta kansu a tsakiyar ƙasa.

Ga Bamasihiyen Katsina wannan bukata ba ta da amfani. Ko an yanka jiha goma a Filato da Binuwai, shi gonarsa tana Kafur, kakanninsa a nan aka binne su. Abin da ya amfane shi shi ne abin da Hukumar Willink ta kawo a 1958. Hukumar ta ƙi yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi, amma ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini da na sauya shi. Wannan shi ne kakan sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda yake tafiya tare da sashe na 10 da ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Wanda ba shi da yawan da zai ci zaɓe, doka ce kaɗai garkuwarsa.

Tsakanin 1963 da 1965 Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa, har cikin ƙauyukan Maguzawa. Musulmi da yawa sun ɗauke shi aikin lada. Kiristoci kuwa abin da ya dame su shi ne ganin Firimiya da motocin gwamnati da hakimai a wurin, domin talakan da hakiminsa ya kira bai cika iya cewa a'a ba. A 1964 suka kafa ƙungiyar Kiristocin Arewa. A wannan zamani ne kuma UMBC ta haɗa kai da NEPU ta Malam Aminu Kano. Ɗan NEPU da alƙalin En'e ya ɗaure don ya yi lacca ba izini, da mai bisharar da dagaci ya hana ɗora jinka a kan ɗakin sujada, sun gane cewa hannu ɗaya ne ya matse su.

Naka a sama

Daga 1966 zuwa 1975 shugaban ƙasa Yakubu Gowon ne, ɗan mai bishara, tashin Wusasa. Likita Dikko kwamishina ne a gwamnatinsa, Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, shi ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello. Kuma a wannan zamani ne aka karɓe makarantun mishan. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Katsina da Zazzau ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena. Bayan 'yan shekaru asibitocin mishan da dama suka bi sahu.

Gwamnati tana da hujjarta. An fito daga yaƙin basasa ana son haɗa kan ƙasa, kuɗin man fetur sun shigo, kuma iyaye Musulmi da yawa suna ƙin kai 'ya'yansu makarantar da suke tsoron za a juya musu addini. Amma abin da majami'u suka gani shi ne ginin da aka yi da baikon ranar Lahadi da aikin gayya ya tashi daga hannunsu da takarda ɗaya. Da kuɗin mai suka ja baya, rufi ya fara yoyo, albashin malamai ya fara makara, ɗan Musulmi da ɗan Kirista suka zauna a ƙasa tare. Tun daga nan masu tunani a cikinsu suka fahimci cewa samun naka a kan kujera ba ya kare ka, idan kujerar ba ta da iyaka.

Malamansu sun sami madogara a cikin littattafansu. Akwai gargaɗin Annabi Sama'ila ga Isra'ilawa cewa sarkin da suke nema zai ɗebi 'ya'yansu da gonakinsu. Akwai labarin Nabot, wanda Sarki Ahab ya ƙwace wa gonar gado, Annabi Iliya ya tare shi da maganar Allah. Akwai amsar Yesu a kan harajin Kaisar, inda ya bambanta haƙƙin mai mulki da haƙƙin Mahalicci. Katolika suna da koyarwar Paparoma Pius na 11 ta 1931, cewa abin da iyali ko unguwa ko ƙaramar ƙungiya za su iya yi da kansu, bai kamata babbar hukuma ta ƙwace musu ba.

Ranar 27 ga Agusta, 1976, zamanin mulkin Obasanjo da mataimakinsa ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa, shugabannin majami'u suka kafa ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN, a Legas. Muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978 ta ƙara tura su fagen siyasa. A 1979 Ishaya Audu ya tsaya mataimakin Azikiwe a NPP, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari.

Sikeli da fuloti

A kan kasuwa kuwa, ra'ayin Masihiyawa ra'ayin manomi ne, domin yawancinsu manoma ne a ƙasar auduga ta Funtuwa da Malumfashi da Bakori. Tun ƙarshen shekarun 1940 hukumomin ciniki na gwamnati ne suke yanka farashin gyaɗa da auduga. Manomi ya kai kayansa fuloti da sanyin hunturu, ya kwana a layi, malamin auduga ya cusa hannu cikin buhu ya ce wannan lamba biyu ce, ba musu. A ɗora a sikeli, a biya shi farashin da aka yanke a ofis, wanda sau da yawa bai kai na kasuwar duniya ba. Wanda ya gaji da jira ya sayar wa 'yan baranda da araha. Rarar kuɗin ta gina hanyoyi da makarantu, gaskiya ne, amma daga gumin wanda ba a shawarta ba.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin a ƙarƙashin shirin SAP. Manomi ya samu 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, ya yi murna. Ba a jima ba Naira ta faɗi, taki ya yi tsada, irin shuka mai kyau ya yi wuya, masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, yadin waje ya cika kasuwa. Haka aka sake gani bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni ya cinye ribar buhun masara.

Shi ya sa da wuya ka ji fasto a Katsina yana yabon kasuwa yabo marar togiya irin na wasu takwarorinsa na Amurka. Sun fi kusa da matsayin Paparoma John Paul na 2 a wasiƙarsa ta 1991, wadda ta amince da 'yancin ciniki da mallakar dukiya, bisa sharaɗin doka ta tsare ma'aikaci da marar ƙarfi. A aikace kuma abin da suka dogara da shi shi ne adashin Zumuntar Mata, da rumbun majami'a da ake tara zakkar hatsi da kaka a raba wa gwauraye da marayu da bazara. A bar mutum ya nema da hannunsa, a tsare masa mudu da sikeli daga algus, jama'arsa kuma su ɗauki wanda ya faɗi. Duk Musulmin da ya san babin ciniki da zakka a fiƙihu zai ga ba a yi nisa da juna ba.

Daga gudun siyasa zuwa layin zaɓe

Abin da ya kashe maganar siyasa ƙazanta ce shi ne wuta. A Janairun 1986 aka ji labarin shigar Nijeriya ƙungiyar OIC ba tare da shawara ba. A Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, inda aka kashe Musulmi aka ƙona masallatai, ramuwa ta bi ta Kaduna da Zariya da Funtuwa har Katsina, aka ƙona majami'u masu yawa. Watanni shida bayan haka, ranar 23 ga Satumba, aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Kiristocinta suka zama 'yan tsiraru ƙwarai a sabuwar jiha. Daga lokacin mumbarin majami'a ya sauya harshe, yankar katin zaɓe ta zama abin da ake tunatarwa bayan wa'azi.

Ra'ayinsu a kan 'yan takara bai tsaya wuri ɗaya ba. A 1993 Kiristocin Arewa da yawa sun zaɓi Abiola da Kingibe, dukansu Musulmi. A zaɓen 2023 kuwa CAN ta yi adawa da haɗin Tinubu da Shettima, su ma dukansu Musulmi. Abin da ya sauya a tsakani shi ne amana, wadda ƙaddamar da shari'a a 2000, da rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 suka girgiza. A wancan rikici ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 a jihohi 12 cikin kwana uku. An ƙona majami'u a garuruwan Katsina, an yi wa Musulmi kisan gilla a Zonkwa da kewayenta.

Amma a cikin wannan tarihi akwai abin da Bakatsine zai ɗaga kai da shi. Ranar da aka rantsar da Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, inda Sheikh Ahmed Lemu da Fada Matthew Hassan Kukah suka zauna a teburi ɗaya. A 2015 Kukah, wanda a lokacin Katsina tana ƙarƙashinsa a matsayin Bishop na Sakkwato, ya yi aiki da Janar Abdulsalami Abubakar a kwamitin zaman lafiya da ya sa Jonathan da Buhari suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar karɓar sakamako. Mulki ya koma hannun mutumin Daura ba tare da an maimaita 2011 ba. A Disambar 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, Bishop na farko na Katolika a Katsina.

Koke-kokensu na yau ba ɓoyayyu ba ne: wahalar samun takardar filin gina majami'a, ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da tambayar da ake yi wa mai suna Bulus ko Rifkatu idan ya je neman takardar shaidar asali, alhali ba shi da wani gari sai wannan. Amma babban kukansu shi ne na kowa. Daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Batsari da Kafur sun ga masifa, kuma ɗan bindiga ba ya tambayar manomi inda yake ibada kafin ya yanka masa kuɗin fansa.

A nan ne nake ganin tarihin Masihiyawa ya zama na Katsinawa duka. Ba su taɓa roƙon gwamnati marar ƙarfi ba. Hukumar da suka sha wuya a hannunta ita ce mai tsoma baki a zuciyar mutum da makarantarsa da farashin audugarsa, sannan ta gaza a aikin da ba mai iya yi sai ita, wato tsare rai da dukiya da yin adalci a kotu. Ina fata idan zaɓe ya zo, kafin a karɓi taliya da atamfa, kafin a bari ƙauraye su kori mutane daga rumfa, liman da fasto su koya wa mabiyansu tambaya biyu da za su yi wa kowane ɗan takara, nasu ne ko ba nasu ba: wane aiki ne ya wajaba a kanka da za ka tsaya ka yi, kuma wane abu ne ba naka ba da za ka cire hannunka daga kai? Wanda ya kasa amsa su bai cancanci ƙuri'ar Musulmi ba, bai cancanci ta Kirista ba.